Ɗakin da ke amsa motsin mutum da sauti: abin da Wi-Fi zai iya da abin da ba zai iya ba

Tambaya: Malam, na gama karatun zane-zane a Zariya, kuma an ba ni ɗaki guda a wani baje-kolin fasaha da za a yi nan Kaduna. So nake in bar ɗakin fayau, ba hoto ko ɗaya a bango, amma duk wanda ya shiga ya ji sauti yana sauyawa da motsinsa. Ba na son kyamara, don na san mata da yawa ba za su shiga ba in sun ga ana ɗauka. An ce min siginar Wi-Fi za ta iya wannan aikin. Gaskiya ne? Me zan saya? Kuma zan iya amfani da wayoyin masu shigowa?

Amsa: Gaskiya ne, ƙanwata, zai yiwu, kuma kayan aikin ba su fi ƙarfin aljihun ɗalibi ba. Sai dai in gaya miki tun yanzu, Wi-Fi ba shi da idon kyamara. Ba zai ce miki mutum ya ɗaga hannun dama ba, ba zai ƙirga miki mutum bakwai daidai ba. Abin da yake iyawa da kyau shi ne ya ce akwai jiki tsakanin nan da can, kuma jikin yana motsi ko yana tsaye. In kika gina aikinki a kan wannan ɗan abin, zai yi kyau ƙwarai. In kuwa kika nemi fiye da haka, ranar buɗe taro za ki tsaya kina yi wa baƙi bayanin abin da ya kamata a ce sun ji, kuma babu abin da ke kashe irin wannan aikin kamar dogon bayani a bakin ƙofa.

Wi-Fi igiyar rediyo ce, irin wadda ke kawo mana tashoshi, bambancinsu saurin kaɗawa ne. Wanda ya fi yawa a gidajenmu yana kan gigahaz 2.4, wato yana kaɗawa sau biliyan 2.4 a daƙiƙa ɗaya, akwai kuma na gigahaz 5. Kunnen ɗan Adam kuwa daga kaɗawa 20 zuwa 20,000 a daƙiƙa yake ji, tsofaffi irinmu ma ba mu kai nan. Saboda haka babu wanda ya taɓa jin Wi-Fi da kunnensa, kuma babu sifikar da za ta fito da shi yadda yake. Duk sautin da kika ji an ce na Wi-Fi ne, wani ne ya zauna ya yanke shawarar wace lamba ce za ta zama wane amo. Wannan shawarar ita ce aikinki. Injiniya zai kawo miki lambobi, amma abin da za a ji a ɗakin naki ne.

Dalilin da ya sa jikin mutum ke taɓa wannan sigina yana ga tsawon igiyar. Iyayenmu da suka riƙa kama Rediyo Kaduna a gajeren zango sun san mita 49: tsawon igiya ɗaya ke nan, ta fi gida tsawo, mutum bai isa ya tare ta ba. Ta Wi-Fi mai gigahaz 2.4 kuwa santimita 12.5 ce kacal, ba ta kai taƙi ɗaya ba, ta gigahaz 5 kuma wajen santimita 6. Jikin mutum ya fi su girma, kuma fiye da rabinsa ruwa ne, ruwa kuwa yana shanye wannan igiyar. Na'urar ɗumama abinci ta zamani ma a gigahaz 2.45 take aiki. Don haka idan mutum ya gitta tsakanin na'ura mai aikawa da mai karɓa, sai ya yi wa siginar inuwa, ƙarfinta ya ragu. Wani ɓangaren kuma ya daki jikin ya karkata, ya daki bango ko rufin kwano ya dawo ta wata hanya, ya gauraya da wanda ya taho kai tsaye. Shi ya sa ko wanda bai tsaya a tsakiya ba, in yana motsi a gefe, za ki ga lambar tana rawa.

Hanyoyin da masu wannan fasahar suka bi ba ɗaya ba ne, kuma mutane suna yawan cakuɗa su.

Akwai masu sauraren siginar ɗanye. Kin tuna ƙarar nan ta dit-dit-dit da lasifikar masallaci ko rediyon mota ke yi kafin kira ya shigo wa wanda wayarsa ke kusa? Wayar GSM tana aika saƙonta ne a gutsure, sau 217 a daƙiƙa, amfilifaya kuma ta tsinci kunnawa da kashewar, ta mai da su amo. Haka ma za a iya yi wa Wi-Fi da gangan. Akwai ƙaramin allon lantarki mai ɗauke da AD8318, wanda ke auna ƙarfin igiyar rediyo har zuwa gigahaz 8. A saka masa eriya, a kai abin da ya fitar cikin amfilifaya, sai a ji rauta, wato akwatin da ke ba da Wi-Fi, tana ƙyas-ƙyas kusan sau goma a daƙiƙa. Wannan shi ne shelar da take yi kowane kashi goma na daƙiƙa, daidai milisakan 102.4, tana sanar da sunanta ga duk mai nema. Wani ya buɗe bidiyo a wayarsa, sai ƙarar ta koma tsatsa mai kauri. Wata Bajamushiya, Christina Kubisch, ta yi suna da dangin wannan aikin. Tun 2004, da ta fara a birnin Kolon na Jamus, take ba mutane hedifon mai naɗin wayar tagulla a ciki su zaga gari, suna jin hucin lantarkin fitilu da na'urorin cirar kuɗi da ƙofofin tsaro na shaguna. Ina son wannan hanyar don ba ta ƙarya, abin da ke cikin iska shi kike ji. Amma sautinta ɗaya ne, ƙara da tsatsa, minti biyu ya ishi mutum, kuma wayoyi da rautoci take ji, ba motsin jiki ba.

Akwai kuma masu karanta jerin netwok ɗin da ke kewaye, sunayensu da ƙarfinsu da tashar da kowanne yake kai. A 2014 a Landan, wani marubucin kimiyya mai raunin ji, Frank Swain, tare da mai fasahar sauti Daniel Jones, suka yi aikin da suka kira Phantom Terrains: wayar iPhone tana karanta netwok ɗin unguwa, tana tura sauti zuwa na'urar taimakon jin da ke kunnensa yayin da yake tafiya. Kafin su, a 2011, Timo Arnall da abokan aikinsa a Oslo sun yi makamancin haka da haske, da sanda mai tsawon mita 4 da fitilu 80, suna ɗaukar hoton ƙarfin sigina a titi da dare. Ki lura, a duka biyun mai karɓar siginar ne ke yawo. Da a ce tattaki kike shiryawa daga Kawo ki bi titin Ali Akilu ki faɗa Ahmadu Bello Way, inda bankuna da shagunan waya suka cika iska da netwok, sannan ki gangara bakin kogi inda komai ke yin shiru, da wannan zan ce ki ɗauka. A cikin ɗaki guda kuwa jerin ba ya sauyawa sosai, kuma karanta shi na cin daƙiƙoƙi. Kada ma ki sa rai da waya: tun daga Android 9 an taƙaita wa manhaja bincike zuwa sau huɗu a minti biyu, iPhone kuma ba ya barin manhajar gama-gari ta yi binciken gaba ɗaya.

Hanyar da ta dace da ke ita ce ki zo da siginarki. Kada ki dogara da rautar ofishin da ke maƙwabtaka, wadda za a kashe ƙarfe huɗu in ma'aikata sun tashi, ko maifai ɗin wani da zai fita da shi a aljihu. Ki sayi ƙananan allunan ESP32, na kamfanin Espressif, waɗanda suka fito a 2016. Kowanne bai fi ɗan yatsa biyu ba, yana da Wi-Fi na gigahaz 2.4 a jikinsa, kuma da cajar waya yake aiki. Masu sayar da kayan aikin ɗaliban injiniya suna da shi, ko a yi oda daga Legas. Ki sayi shida, ko da huɗu za ki yi amfani da su, don ɗaya zai ƙone. Ɗaya zai zama mai aikawa, a kafa shi a bango ɗaya yana jefa ƙananan saƙonni kamar sau 50 zuwa 100 a daƙiƙa ta tsarin ESP-NOW, wanda ba ya buƙatar rauta ko intanet ko data. Sauran su zama masu karɓa a ɗaya bangon. Duk saƙon da ya iso, mai karɓa zai rubuta ƙarfinsa, lambar da ake kira RSSI, a ma'aunin dBm. Lambar ƙasa da sifili take: -30 na nufin kina dab da mai aikawa, -60 lafiya lau, -90 ya kusa ɓacewa. Kada ƙanƙantar bambancin ta ruɗe ki. Faɗuwa da 3 na nufin ƙarfin ya ragu da rabi, faɗuwa da 10 kuwa kashi ɗaya cikin goma ya saura.

Kowane layi tsakanin mai aikawa da mai karɓa ɗaya ya zama igiyar da ba a gani, wadda mutum ke tsinkawa da jikinsa. Masu karɓa uku, layi uku ke nan, sun baje a ɗakin. Ki kafa su daidai ƙirji, wajen mita 1.2 daga ƙasa, don gangar jiki ce ta fi tare sigina, ba ƙafa ba. In yara za su shigo, ki sauke layi ɗaya ƙasa kaɗan saboda su. Kada ki manna allon a jikin ƙarfe ko ki rufe shi a akwatin ƙarfe, eriyarsa za ta mutu. Akwatin roba ko na katako ya isa. In kina son ƙafafun da za su riƙe su, masu walda a Panteka za su yi miki, amma ki ce su bar kan ya zama katako, allon ya yi nesa da ƙarfen da kamar taƙi guda. Akwai nau'in ESP32 mai gurbin eriyar waje, in kika samu wannan, za ki iya sa masa eriya mai fuskantar gefe guda, layin ya ƙara tsukewa, ya rage jin abin da ke faruwa a baranda.

Yanzu ga inda mafi yawan masu farawa ke faɗuwa. Suna ɗaukar lambar ɗanya su ɗaura ta kai tsaye a kan tsayin amo, sigina ta hau sauti ya hau, ta sauka ya sauka. In kika zauna gaban allon kwamfuta a ɗakin da babu kowa, za ki ga lambar ba ta taɓa tsayawa ba: -52, -54, -52, -53, -55, -52. Ba motsin kowa ba ne, halin abin ne. Sautin da aka ɗaura a kanta zai yi ta karkarwa ko akwai mutum ko babu, mai shigowa kuma ba zai gane abin da shi ya jawo ba. Maganin mataki biyu ne. Da farko a tace lambar, a riƙa ɗaukar matsakaicin na baya-bayan nan, misali guda goma. Sannan a fitar da abu biyu daga cikinta, ba ɗaya ba. Na ɗaya, nawa ta faɗi ƙasa da yadda take in ɗakin babu kowa: wannan ke nuna akwai jiki a kan layin. Na biyu, yaya girman rawar da take yi a cikin daƙiƙa ɗaya da ta wuce: wannan ke nuna motsi. A ganina na biyun ya fi na farkon amfani nesa ba kusa ba. Faɗuwar lamba tana yaudara, don saboda igiyoyin da ke dawowa daga bango, wani lokaci mutum ya tsaya a wani wuri siginar ta ƙaru maimakon ta ragu. Girman rawar kuwa bai cika yaudara ba. Mutum ya motsa, ta ƙaru. Ya tsaya cik, ta lafa.

Tacewa tana da farashi, wato jinkiri. Gwargwadon yawan lambobin da kika haɗa, gwargwadon lattin da sauti zai yi. In mai aikawa yana jefa 100 a daƙiƙa kika haɗa goma, abin da ya faru a kashi goma na daƙiƙa kike aunawa, mutum zai ji kamar nan take ne. In ya wuce rabin daƙiƙa, alaƙar ta tsinke, ba zai ƙara yarda shi ne ya yi ba. Wannan ne dalilin da ya sa na ce ki aika da kanki da sauri, kada ki jira shelar rauta mai zuwa sau goma kacal a daƙiƙa.

Wani zai ce miki ki yi amfani da CSI. Gaskiya ne ya fi RSSI zurfi. Tashar Wi-Fi mai faɗin megahaz 20 a rarrabe take zuwa ƙananan rassa 64, fiye da 50 daga cikinsu suna aiki, kuma CSI yana ba ki labarin kowane reshe daban maimakon lamba ɗaya tal. ESP32 yana iya fitar da shi, kuma masu bincike sun yi amfani da shi har wajen gano numfashin mutumin da ke zaune. Amma bayanan suna da yawa, suna da hayaniya, kuma suna son wanda ya iya lissafi. Ki fara da RSSI. In kin samu ɗalibin injiniya daga Kadpoly ko KASU mai son wahala, sai ku gwada CSI a layi ɗaya, ku ɗauki girman rawar rassan gaba ɗaya, ku ga ko ya fi jin ƙananan motsi.

Daga masu karɓa zuwa kwamfuta, ki yi amfani da waya, wato kebul. Na san abin dariya ne a ce aikin da ke kan sigina marar waya ya cika da wayoyi, amma duk saƙon da kika tura ta iska yana ƙara cunkoso a inda kike aunawa. Kebul ɗin USB yana yin lafiya har kusan mita 5, in ya fi haka a nemi mai ƙarin ƙarfi. Sifikoki ma haka. Kada ki kawo sifikar Bluetooth: tana kan gigahaz 2.4 ɗin nan dai, kuma tana da nata jinkirin da zai haɗu da naki. A kwamfutar, manhajar da zan ba ki shawara ita ce Pure Data, wadda Miller Puckette ya ƙirƙira a shekarun 1990. Kyauta ce, ba ta da nauyi, tsohuwar laftof ko 'yar ƙaramar kwamfutar nan Raspberry Pi za su ɗauke ta, kuma akwatuna ake jonawa da layi a allo maimakon rubuta dogon umarni, abin da mai zane kan saba da shi da wuri. Akwai SuperCollider ga mai son rubutu, akwai Max ga mai kuɗi. Kafin ki kafa komai, ki sa manhajar duba Wi-Fi a wayar Android ki zaga ɗakin, ki ga wace tasha ce ta fi sarari tsakanin 1 da 6 da 11, su ne ukun da ba sa hawa kan juna, ki kafa naki a can.

Batun wayoyin baƙi kuwa, shawarata ki bar shi. A fasahance ana iyawa: waya mai Wi-Fi a kunne tana aika tambaya lokaci-lokaci tana neman netwok, kuma ESP32 zai iya jin wannan tambayar. Amma ƙirga mutane da ita ya lalace tuntuni. Apple ya fara ɓoye lambar shaidar waya ta gaskiya a irin waɗannan tambayoyin tun iOS 8 a 2014, Android ma ya bi, yanzu waya ɗaya tana iya bayyana kamar goma. Ga shi kuma a nan da yawa Wi-Fi ɗinsu a kashe yake, data suke amfani da ita, wasu ma ƙaramar waya ce a hannunsu. Sai ɗakin ya amsa wa mai babbar waya, ya yi biris da dattijuwar da ta shigo da jikanta. Sannan akwai doka. Lambar da ke iya nuna wayar wani tana shiga bayanan mutum a ƙarƙashin dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023, kuma dokar laifukan intanet ta 2015 ta hana tsintar saƙonnin mutane ba da izini ba. A 2013 hukumar tsakiyar birnin Landan ta dakatar da wani kamfani da ya sa irin wannan na'urar a kwandunan shara yana bin sawun wayoyin masu wucewa. Ke da kika guji kyamara don mutuncin mata, bai kamata ki shigo da abin da ya fi ta ɓoyewa ba. Haka kuma kada ki haska sunayen hotspot a bango ko ki sa na'ura ta karanta su. Mutanenmu sukan sa sunansu na gaskiya, ko na ɗansu, wani ma har lambar wayarsa. In dai kina son wayoyi su shiga aikin, ki buɗe netwok naki marar intanet, ki rubuta a ƙofa cewa duk wanda ya so ya jona, za a ƙara wani sauti nasa a ɗakin. Wanda ya jona da hannunsa ya yarda ke nan, kuma kada ki ajiye komai bayan ya fita.

To, me za a ji? Nan ne nake son ki ɓata mafi yawan lokacinki, ba a kan wayoyi ba. Abin da na gani a irin waɗannan ayyukan shi ne, da zarar injiniya ya ga lamba tana motsi, sai ya jona ta da amon kwamfuta mai wiii-wuuu, kowa ya ji kamar fim ɗin 'yan sama jannati. Wannan amon ya tsufa. Tun wajen 1920 Leon Theremin ya ƙera a Rasha kayan kiɗan da ake kaɗawa ba tare da taɓawa ba, hannu kawai ake kusantar da eriya, kuma irin sautinsa ke nan. Ke kina da Kaduna. Ki ɗauki rakoda ki je Panteka ki naɗo gudumar masu ƙera tukwane, ki je ƙarƙashin gada ki naɗo ruwan kogi, ki je Rigasa ki jira jirgin ƙasa, ki tsaya bakin Kasuwar Barci ki naɗo kekunan ɗinki suna gudu tare. Emeka Ogboh, wani mai fasahar sauti ɗan Najeriya, ya kai hayaniyar tashoshin motar Legas har manyan ɗakunan baje-koli na Turai, kuma abin da ya ba aikinsa ƙarfi shi ne sautin na wani gari ne takamaimai. Bakaduniya ta shiga ɗakinki ta ji ƙarar da ta sani tun tana yarinya tana tasowa saboda ta taka wani wuri, wannan ya fi kowane amon kwamfuta kama zuciya.

Ki ba kowane layi sautinsa da sifikarsa, a kusa da inda layin yake, don kunne ya haɗa wuri da amo. Girman rawar sigina ya riƙe ƙarfin sauti ko yawansa: tafiya a hankali ta kawo guduma ɗaya, sauri ya kawo kasuwar gaba ɗaya. Faɗuwar sigina kuma ta riƙe abin da ke sauyawa sannu, kamar tsayin amo. Ki dubi mai kalangu: bugun daban, matse igiyoyin da ke ɗaga murya daban, kuma matsewar ba tsalle take yi ba, zamewa take. Haka nake son lambobin nan biyu su raba aiki. Ki sa sauti ya tashi da sauri amma ya sauka a hankali, cikin daƙiƙa uku ko huɗu, don tashin gaggawa ne ke gaya wa mutum shi ya jawo, saukar sannu kuma ita ke ɓoye karkarwar lamba. Kuma ki ajiye wani abu domin mai haƙuri. In faɗuwar ta nuna akwai jiki a kan layi amma rawar ta lafa na tsawon daƙiƙa goma, wato mutum ya tsaya cik, sai wani sauti na daban ya fito, mai taushi, wanda mai gaggawa ba zai taɓa ji ba. Wannan shi ne abin da Wi-Fi ya fi ƙananan na'urorin gano motsi na fitilun tsaro, waɗanda ke mance da mutum da zarar ya daina motsi.

In za ki naɗi makaɗi, ki gaya masa abin da za a yi da kiɗansa, ki biya shi, ki rubuta sunansa a ƙofa in ya yarda. Ki kuma tuna cewa cikin masu zuwa akwai waɗanda ba sa sauraren kiɗa, sautin gari kuwa ba wanda zai ƙi shi. Karatun Alƙur'ani da kiran salla kada su shiga cikin abin da na'ura za ta yayyanka ko ta ja. Ki sa maɓalli ɗaya a bakin ƙofa wanda mai gadin ɗakin zai danna komai ya yi shiru in an kira salla.

Sai matsalolin ɗakin kansa. Fankar sama mai fikafikan ƙarfe tana juya siginar kamar yadda mutum ke yi, sai na'ura ta ɗauka ɗakin cike yake da masu rawa. Ko a kashe ta, ko a auna ɗakin tana kunne kuma a bar ta a lamba ɗaya har a tashi. Ƙofar ƙarfe ma haka, buɗe ta da rufe ta suna sauya lissafin ɗakin duka, don haka ki yanke shawara tun farko, a buɗe za ta zauna ko a rufe. Sigina tana ratsa bangon bulo, masu wucewa ta baranda za su riƙa kunna miki sauti. Ki rage ƙarfin mai aikawa a cikin manhajarsa, ki kuma nisanta layukan daga wannan bangon. Ma'aunin ɗaki babu kowa ba ya dawwama, kujera ɗaya aka matsar ya sauya. Ki sa a sake ɗaukar sa kowace safiya kafin a buɗe, ko manhajar ta riƙa gyara shi da kanta duk lokacin da ɗakin ya daɗe shiru.

Cunkoso shi ne babban abokin gaba. Abin da ya yi daɗi da mutum biyu, in ashirin suka shiga duk layukan za su toshe, sauti ya kai ƙarshe ya maƙale a can, ba wanda zai san nasa. Ranar buɗewa kuwa, da manyan baƙi da 'yan rakiyarsu, ita ce ranar da aka fi cika. Ki tsaya kai da fata a riƙa shiga mutum huɗu ko biyar, kuma ki shirya wa cikar ɗaki nata sautin daban, ta yadda in duk layuka suka faɗi tare, abin zai koma amo guda mai faɗi maimakon hargitsi.

Wuta kuma kin san halinta. Allunan ESP32 za su yi yini a kan fawa bank, sai dai wasu fawa bank ɗin suna kashe kansu in abin da ake ja ya yi kaɗan, ki gwada naki tun a gida. Laftof tana da batirinta. Raspberry Pi kuwa in wuta ta ɗauke masa ba shiri katinsa na iya lalacewa, ki yi kwafin katin ki ajiye a jaka. Amfilifaya ta fi son inbata da janareta, don janareta na shigo da gurnani cikin sifika, ga ƙararsa ta taga. Ki sa a tsara komai ya tashi da kansa da zarar an kunna, ba sai kin zo kin danna wani abu ba, don ba kullum za ki kasance a wurin ba. In lokacin hunturu ne, ki rufe allunan daga ƙura, ki kuma taɓa ƙarfen ƙofa kafin ki taɓa su, saboda ɗan lantarkin da jiki ke tarawa a busasshiyar iska yana kashe su.

Za a tambaye ki ko abin yana cutarwa, musamman bayan jita-jitar 5G ta 2020. Amsar a taƙaice: ƙarfin ESP32 iyakarsa wajen miliwat 100 ne, kwatankwacin rautar gida, ƙasa da abin da wayar da ke kunnen mutum kan fitar in sabis ya yi rauni, kuma ke ma rage shi za ki yi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana tun 2006 cewa babu gamsasshiyar hujjar cewa irin wannan raunanan siginar na cutar da lafiya. Ki rubuta wannan a ƙofa da Hausa da Turanci cikin layi biyu, tare da cewa babu kyamara, babu makirufo, ba a taɓa wayar kowa.

Ki nemi a ba ki makullin ɗakin aƙalla mako guda kafin buɗewa, don abin da kika gwada a falonku ba zai yi daidai a can ba. Ki fara da layi ɗaya da sauti ɗaya, ki kira wanda bai san komai game da aikin ba, ko mai shara ne, ki ce ya shiga, kada ki yi masa bayani. In ya gitta layin ya tsaya, ya koma baya ya sake gittawa don ya tabbatar, sai ki ƙara layi na biyu.